Daga fadamar Auyo zuwa Tiga da Jos, inda sandar tuƙi ba ta taɓo ƙasa

Bayan mun gama casar shinkafa aka ba mu hutun ƙarshen shekara a makaranta, sai Kawu ya ce in shirya in raka shi Tiga ganin jika, 'yarsa da ke aure can ta haihu kuma tun da aka kai ta mata ne kawai ke zuwa, shi bai taɓa taka garin ba. Ni kuma dama ina son leƙa Jos wajen yayana da ke harkar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, sai muka ce a haɗa tafiyar wuri ɗaya a huta da kuɗin mota. Kawu masunci ne tun tasowarsa, daga nan ƙasar Auyo har su Guri da Nguru babu inda bai jefa taru ba, kuma in dai maganar ruwa ake to shi ba ya yarda akwai wanda ya fi shi sani.

Ana idar da sallar asuba muka hau babur zuwa Hadejia, sanyi kamar ya cire wa mutum kunne, Kawu ya naɗe kai da rawani ya rungume buhun busasshen kifin da zai kai wa mai jego. Muka samu Sharon mai zuwa Kano, dubu biyar-biyar, an cusa mu huɗu a kujerar da aka yi don mutum uku. Gujungu, Ringim, duk ba wani labari sai shingaye, kowane shinge direba ya rage gudu ya miƙa hannu ta taga ya wuce, ba a ko kallon fuskarmu. Daga Yankaba adaidaita ta kai mu Unguwa Uku, nan muka ci ƙosai da kunu muka hau motar Tiga.

Tun daga Kura ido ya fara buɗewa. Lokacin rani ne tsaf, ciyawa ta bushe, amma ga kanal na siminti cike da ruwa yana gudu, gonaki kore shar hagu da dama, tumatur, albasa, alkama, masara. A Kwanar Gafan kwandunan tumatur jibge a bakin titi manyan motoci na lodi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce duk wannan ruwan Tiga ne, ta Ruwan Kanya yake biyowa ya sauko har Kadawa da Bunkure da Garun Malam. Kawu ya ce ai har mu can ƙasa ragowarsa muke sha. Kuma gaskiyarsa, domin kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa wajen Tamburawa su bi ta Wudil su zama kogin Hadejia, wanda shi ne namu.

Da muka bar titin Zariya ƙasa ta fara canzawa, mu da muka saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yashi sai ga duwatsu manya-manya wani kan wani, hanya na hawa tana sauka. Mun isa bayan azahar. Taubashiyata tana ganina ta fara, wai malamin makaranta ya zo da alli ne ko da kayan barka, na ce ai ganina ma barka ne. Aka kawo tuwon masara miyar kuka da soyayyar karfasa, wallahi kifin ya yi, sai dai Kawu ya ce bai kai namu maiƙo ba, wanda dama na san zai faɗa. A soron gidan aka yi mana shimfiɗa, tabarma da katifa da bargo ɗaya, da dare iska ke tasowa daga wajen ruwa mai sanyin gaske, ni da Kawu kowa na jan bargon nan ɓangarensa har asuba.

Da safe mijinta, wanda shi ma masunci ne, ya kai mu bakin dam. Kai jama'a. Bango ne na ƙasa da duwatsu da aka tara aka tare kwari da shi, tsawonsa wajen kilomita 6, tsayinsa mita 48 a inda ya fi tsayi. An gina shi tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. In ka tsaya a sama ka dubi hannu ɗaya ruwa ne har inda ido ya ƙure da 'yan tsibirai na dutse, ka juya ɗaya hannun kuma gangare ne mai nisa, shanun da ke kiwo can ƙasa sun zama 'yan ƙanana. Wannan gangaren shi ne ya fara gaya min zurfin abin, tunda duk tsayin da kake gani ta baya, ta gaba ruwa ne ya cike mafi yawansa. Masu gadi suka ce kar a ɗauki hoto kusa da wajen sakin ruwa, na mayar da waya aljihu.

Kawu dai bai nuna komai ba, ya ce faɗi ne kawai, in ruwa ya cika a Nguru ma haka yake. Aka shiga kwale-kwale. Mu a wajenmu da sanda ake tuƙi, ka kafa ta a ƙasa ka tura, don da wuya ruwan fadama ya wuce gaba ɗaya ko biyu, in ma ka faɗa sau da yawa miƙewa tsaye kawai za ka yi. Kawu ya ga sanda a cikin jirgin ya ɗauka ya ce wa surukinsa ya zauna ya huta. Daga gaɓa abu ya tafi lafiya, ya tura, ya tura, bai fi tafiyar 'yan mintoci ba ya kafa sanda sai sanda ta wuce zuruf har hannunsa ya shiga ruwa, da ban riƙo rigarsa ba da ya bi ta. Surukin don kunya ya kau da kai yana danne dariya, ya miƙa hannu ya ɗauki filafili ya ce Baba daga nan sai da wannan.

Shi ne Kawu ya ce sai ya auna. Akwai igiya a jirgin da ake ɗaura dutse a riƙe jirgi da ita, ya auna ta da hannuwansa gaba goma sha biyu, ya riƙa sakinta a hankali yana ƙirgawa. A wurin farko dutsen ya zauna a gaba biyar. Muka ƙara gaba kaɗan, gaba bakwai. Sai surukin ya tuƙa mu ya nufi wajen bangon, ya daidaita jirgin da wani dutse da wata bishiya da ke kan tudu, ya ce to Baba saki nan. Igiya ta tafi, ta tafi, ta ƙare ƙaf a hannun Kawu dutsen na reto bai taɓa komai ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce la ilaha illallahu, juya da mu.

Abin da surukin ya bayyana mana shi ne ƙasan dam ba a shimfiɗe yake ba. Kwari ne aka cika da ruwa, saboda haka duk abin da ke kwarin yana nan a ƙasa, tudu yana nan tudunsa, rafi yana nan raminsa, kuma tsohuwar hanyar da kogin Kano ke bi kafin a tare shi ita ce mafi zurfi, tana ƙara zurfi kana matsowa bango. Su masuntan nan sun haddace ta da alamun kan tudu, sun san inda tsofaffin garuruwan da aka tayar suke, sun san inda itatuwan da ruwa ya shanye ke tsaye har yau suna cinye musu taru. Ya ce in taru ya maƙale a wuri mai zurfi haƙura ake a yanke, don in ka nutsa gaba uku huɗu kunne zai fara ciwo, kuma akwai inda za ka kai ka ji ruwan ya koma sanyi ƙalau lokaci ɗaya alhali na sama da ɗumi, nan ne jijiya ke ɗaurewa mutum ya kasa motsi. Wannan na san dalilinsa daga karatu, duk mita 10 da ka nutsa nauyin da ke danna jikinka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu gaba ɗaya, ruwan sanyi kuma ya fi na ɗumi nauyi shi ya sa yake kwanciya a ƙasa rana ba ta kai masa. Ruwanmu na fadama ba shi da zurfin da zai rabu gida biyu haka, iska na kaɗawa ta gauraya shi.

Da dare na zauna na yi lissafi a waya, halin malaman makaranta. A tsarin farko faɗin ruwan Tiga in ya cika murabba'in kilomita 178 ne, abin da aka tsara ya ɗauka kuma ya kusa kubik mita biliyan 2, wato tankin ruwa mai lita 1000 har biliyan biyu. In ka raba wannan da wancan sai ka samu wajen mita 11. Ma'ana da za a baje ƙasan ya zama daidai, zurfin bai fi gaba shida ba. Amma ba a baje yake ba, gefe-gefe yaro ma zai taka, tsakiya kuma igiyar Kawu ta gaza. Namu ruwan faifai ne, nasu akushi.

Bayan isha aka zauna hira a ƙofar gida, akwai wani dattijo maƙwabcinsu da ya yi aiki a dam ɗin har ya yi ritaya, aikinsa duba ma'aunin ruwa, wani dogon allo mai lambobi da ke tsaye a ruwa, kullum a rubuta inda ruwa ya kai. Kawu na jin haka ya gyara zama ya ce yauwa, ashe ku ne ke sako mana ruwa da damina ku cinye mana shinkafa. Dattijon ya yi dariya ya ce Alhaji ba haka abin yake ba, akwai ƙofofin da ake buɗewa a ba kanal da kogi, amma in dam ya cika ya kai bakin mafitarsa to da kansa yake tumbatsa ya bi ta kai, babu mai makulli a hannu. Ya ce kuma wannan mafitar ita ce rufin asirin kowa, don in ruwa bai samu hanya ba bangon zai ci. Ya tuna mana dam ɗin Bagauda da ke nan kusa wanda ya ɓalle a watan Agustan 1988 ya yi ɓarna, ya ce wancan ƙarami ne a kan Tiga, in wannan ya tafi Wudil ma sai dai labari balle ku.

Shi ne ya gaya mana a 1992 an rage tsayin mafitar da mita 3.5 don a sauƙaƙa wa bangon nauyi, kuma wannan 'yar ragin ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da dam ɗin ke iya riƙewa. Kawu ya ce ƙarya ne, ya za a yi gaba biyu cikin gaba ashirin da wani abu su zama kashi ɗaya cikin uku. Ni na shigar wa dattijon, na ce Kawu ai saman ne ke da faɗi, mita ɗaya ta sama ta shimfiɗu a kan dukkan tafkin, mita ɗaya ta can ƙasa kuwa a cikin siririn ramin kogi kawai take. Ya gane amma bai ce ya yarda ba.

Sai dattijon ya kawo maganar da ta fi damuna, wato laka. Duk damina ruwa na gangarowa daga duwatsu da gonaki ja jawur, in ya shigo dam ya tsaya sai ƙasar da ya ɗauko ta kwanta, shekara hamsin kenan ana haka. Daga sama ba ka ganin komai, faɗin na nan yadda yake, ma'auni ma zai nuna maka ruwa ya kai lamba kaza, amma daga ƙasa ake cin zurfin. Ya ce ana aunawa da na'urar da ake sawa a jirgi ta aika sauti ƙasa ya dawo a lissafa. Ni dai a ganina wannan lissafin mu ya fi shafa, mu na ƙasa, tunda Tiga da dam ɗin Challawa da ke Karaye, wanda aka gama a 1992 mai tsayin mita 42, su ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin Hadejia. Dam in ya cushe zai cika da wuri da damina ya tumbatso mana, da rani kuma ya ƙare da wuri. Amma je ka majalisar garinmu, maganar ciyawar kacalla da tsuntsun jan baki kowa gwani ne, zurfin Tiga kuwa ba mai kawo shi.

Abu ɗaya da bai min ba, duk jiragen da na gani suna ɗaukar mutane da babura da buhuna zuwa ƙauyukan tsallake, ban ga mai rigar kariya ko ɗaya ba. Kuma duk mun san abin da ya faru a dam ɗin Watari na Bagwai a Nuwamban 2021 da jirgi ya kife da 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa yara da yawa. Na yi wa surukin maganar ya ce rigar tsada, kuma mutane na ganin kamar rashin tawakkali ne. Na ce masa wanda ya ga inda igiyar nan ta ƙare bai kamata ya faɗi haka ba.

Da farko Kawu ya ce shi zai jira ni a Tiga, amma da ya ji an ce kogin Kano daga gindin duwatsun Jos yake tasowa sai ya ce a tafi da shi. Muka fito Kwanar Dangora muka samu motar Jos, dubu takwas kowa bayan doguwar ciniki. Bayan Tudun Wada aka shiga dajin Falgore, mota ta yi tsit, netwok ya ɗauke, kowa na ta addu'a a ciki saboda labaran da aka sha ji a da. Sojoji na nan a hanya, a wani shingen aka sauke mu duka aka duba kaya, ɗaya ya tambayi Kawu me ke cikin jaka ya ce goro da carbi. Lafiya lau muka fita. Wajen Doguwa aka nuna mana duwatsun Riruwai daga nesa inda aka yi haƙar kuza, muka shiga ƙasar Kaduna muka ci shinkafa da wake a Saminaka, daga Jengre mota ta fara hawa tana nishi kunnuwa na toshewa. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma mun je cikin hunturu, Kawu da ke yi wa 'yan birni dariyar rigar sanyi shi ya fara neman ta gwanjo washegari.

Yayana ya sauke mu a ɗakinsa, da safe ya tafi da mu wajen Barkin Ladi sayen kabeji da dankalin turawa a gona. Nan na ga ruwan da ya fi ba ni tsoro a duk tafiyar, kuma ba wani babba ba ne. Kududdufai ne birjik a fili, wasu faɗinsu bai fi filin ƙwallo ba, ruwan kore ko shuɗi a kwance ko motsi babu, gefensu tarin jar ƙasa. Ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa tun farkon ƙarni na 20 suka tafi suka bari ruwa ya cika. Manoma sun kafa injin ban ruwa a bakinsu, da su ake noman rani.

Kawu ya tuɓe takalmi zai sauka ya wanke ƙafa, mai gonar ya daka masa tsawa da Hausarsa ta Jos, Baba kar ka taka, ba gangare a nan. Ya ce ramin a tsaye aka yanka shi, taku ɗaya kana idon sawu taku na biyu babu ƙasa, bangon kuma laka ce mai santsi ba abin kamawa, can ƙasa taɓo ne mai riƙe ƙafa. Ya ce baƙi da yara da shanu su ruwan ya fi ci, kuma har gwanayen iyo, saboda sanyin. Babu shinge, babu allon gargaɗi, babu komai. A Tiga aƙalla girman ruwan na sa ka shiga taitayinka, wannan kuwa ƙanƙantarsa ce ke yaudarar mutum, musamman irinmu da muka taso muna auna ruwa da faɗi. Kawu ya mayar da takalminsa bai ce uffan ba.

A hanyar dawowa cikin gari na ba su labarin tafkin Nyos da ke kan duwatsun Kamaru, wanda ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, faɗinsa ba wani abu ba amma zurfinsa ya kai wajen mita 200. Iskar gas ta taru a ƙasansa saboda nauyin ruwan sama ya danne ta, a watan Agustan 1986 ta taso da dare ta bi kwari ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobinsu. Ga kuma tafkin Chadi da duk girman sunansa mafi yawansa 'yan mitoci ne. Yayana ya ce in bar wannan labarin haka, shi kullum sai ya bi ta gefen kududdufan nan.

Dawowa muka biyo mota kai tsaye zuwa Kano, dubu goma sha biyu kowa da dubu biyu na buhun dankalin da yaya ya ba mu, taya ta fashe bayan Saminaka muka ɓata wajen awa guda, dole direba ya taka don mu wuce Falgore kafin magariba. Muka kwana a wajen wani ɗan garinmu a Yankaba, da safe muka kamo hanyar Hadejia. Duka-duka da mota da abinci da rigar sanyin Kawu da kayan barka na kashe abin da ya kusa kuɗin buhun shinkafa biyu shanshera. Surukin Kawu ya ce in ina son ganin kan itatuwan da ruwa ya shanye da inda lakar ta taru, in dawo wajen watan Mayu lokacin da ruwan ya ja baya sosai kafin damina ta sauka, ya ce zai nemo igiya mai gaba talatin ya ajiye, kuma in da hali mu zarce Karaye mu auna na Challawa.